Wane Ne Ya La'anci Baƙar Fata?

Akwai wata tsohuwar ƙarya wadda ta girmi jami'o'inmu, ta girmi mulkin mallaka, ta ma girmi jirgin ruwan farko da ya yi lodin bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma. Ƙaryar kuwa ita ce wai Littafi Mai Tsarki na Kirista ya la'anci baƙar fata, wai tun zamanin Nuhu aka yanke mana hukuncin zama bayin sauran 'yan Adam har tashin duniya. Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan kam ta yi 'ya'ya, ta yi jikoki, kuma har yau ba ta mutu ba. Kana jin ta a bakin ɗan gwagwarmaya mai zafin kai, wanda ya riƙe ta hujja cewa littafin nan ba kome ba ne illa bulalar Bature. Kana kuma jin ta, cikin raɗa, a bakin mai bi wanda ya dubi halin da Afirka take ciki, ya yi ajiyar zuciya, ya ce ai abin daga Ham ne, ba yadda za mu yi. Mutanen nan biyu ba sa ga maciji da juna, amma sun yi tarayya a abu guda: babu ɗayansu da ya buɗe sura ta 9 ta Littafin Farawa ya karanta ta daga farko zuwa ƙarshe.

Abin da nake so in kafa a wannan fili shi ne, duk wanda ya karɓi aya tsirararta, bai tambayi wa ya faɗe ta ba, da wa ake yi, da wane harshe, a wane zamani, to ya miƙa wuyansa ga kowane azzalumin da ya iya tsinko aya. Wasu suna ɗaukar sanin tarihin nassi da harshensa kwalliyar farfesoshi, alhali kuwa garkuwar talaka ce. Labarin da ake kira la'anar Ham ya ishe mu misali.

Me aka rubuta?

Kafin in shiga, bari in share hanya. Na san Musulmi ba sa yarda a jingina wa annabi irin abin da wannan ruwaya ta jingina wa Annabi Nuhu, kuma labarin babu shi a cikin Alƙur'ani. Ba na roƙon kowa ya gaskata shi. Abin da nake nema shi ne mu san abin da ke cikinsa da abin da babu, domin da sunansa aka ɗaure kakanninmu da sarƙa, kuma ba a tambayi addinin kowa ba kafin a ɗaure shi.

Ga yadda Littafin Farawa ya kawo shi, daga aya ta 18 zuwa ta 27. Bayan ruwan Ɗufana ya janye, Nuhu ya dasa gonar inabi, ya sha daga ruwanta har ya fita hayyacinsa, ya kwanta a alfarwarsa ba sutura. Ɗansa Ham ya gan shi a wannan hali, ya fita ya faɗa wa 'yan'uwansa biyu, Shem da Yafet. Su kuwa suka ɗauki mayafi, suka shiga da baya da baya, suka suturta mahaifinsu ba tare da sun dube shi ba. Da Nuhu ya farka ya san abin da ya faru, sai ya yi baki. To, wa ya yi wa?

Ba Ham ba. Sunan da ya fito daga bakin Nuhu shi ne Kan'ana, ɗaya daga cikin 'ya'yan Ham huɗu. Sau uku aka haɗa sunan Kan'ana da bauta, a aya ta 25 da ta 26 da ta 27, ba a ambaci Ham ko sau ɗaya ba a cikin la'anar. Watau tun daga sunan da aka raɗa wa labarin an yi ha'inci. Na biyu, a nemi kalmar baƙi, ko fari, ko launi, a cikin ayoyin nan goma, da Ibrananci ko da kowace fassara ta gaskiya: babu. Na uku, mai maganar Nuhu ne. Abin da littafin ya ce Allah ya faɗa yana farkon surar, kuma albarka ce a kan Nuhu da 'ya'yansa duka uku, har da Ham. Ashe a cikin labarin nan na wai Allah ya la'anci Ham ya mai da shi baƙi, ba Allah ne ya yi la'anar ba, ba Ham aka yi wa ba, baƙin kuma babu shi. Me ya rage?

Da wa ake yi?

Masu iya magana sun ce wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Marubucin Farawa ya san da wanda yake, bai kuwa ɓoye ba: tun kafin a kai ga la'anar, sau biyu ya gabatar da Ham da laƙabin uban Kan'ana, a aya ta 18 da ta 22. Mai sauraro na farko, watau Ba'isra'ile mai zaune a tuddan Yahudiya, ba ya bukatar a yi masa bayani. Kan'aniyawa maƙwabtansa ne kuma abokan gabarsa, mutanen da yake takara da su a kan gona da rijiya da wurin ibada. Juya shafi zuwa sura ta 10, za ka ga an lissafa zuriyar Kan'ana, Sidon da Yebusiyawa da Amoriyawa da sauransu, har an shata iyakar ƙasarsu daga Sidon zuwa Gaza. Sidon tana cikin Lebanon ta yau, Gaza kuwa kowa ya san inda take. Ina Afirka a nan? Littafin Sarakuna na Fari, sura ta 9, ya faɗi yadda Sulemanu ya sa ragowar waɗannan kabilu aikin tilas. Wannan ita ce duniyar da labarin yake magana a kanta: rikicin maƙwabta a wata 'yar ƙasa da ke gabashin Bahar Rum, kusan shekara dubu uku da suka wuce.

Su kuma Kan'aniyawan ba wani jinsi ne dabam da Isra'ilawa ba. Harshensu da Ibrananci 'yan ɗaki ɗaya ne, har Littafin Ishaya, sura ta 19, yana kiran harshen Isra'ilawa da sunan harshen Kan'ana. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa jerin al'umman da ke sura ta 10 taswira ce ta siyasa da maƙwabtaka, yadda mutanen wancan zamani suka ga duniyarsu. Mai da shi rajistar launin fata, a ce fari ɗan Yafet ne baƙi ɗan Ham, aikin waɗansu ne da suka zo can daga baya.

Sauran 'ya'yan Ham uku fa, waɗanda ba a la'anta ba? Su ne Kush da Mizrayim da Fut. Mizrayim shi ne sunan Masar da Ibrananci. Kush ita ce ƙasar da ke kudu da Masar a bakin kogin Nilu, cikin Sudan ta yau, kuma in akwai inda littafin yake nufin baƙar fata, to nan ne. Yanzu ga abin dariya: bautar da ta fi kowace shahara a Tsohon Alkawari ita ce wadda Isra'ilawa, zuriyar Shem, suka yi a Masar, a hannun zuriyar Ham. In da la'anar tana nufin abin da dillalan bayi suka ce, ai da Fir'auna ne zai yi wa Musa kwaɓin tubali.

Haka kuma in ka bi sawun Kush a sauran littafin ba za ka tarar da la'anannen bawa ba. A Littafin Ƙidaya, sura ta 12, Maryamu da Haruna sun yi gunaguni saboda Musa ya auri mace daga Kush, kuma Maryamu ce ciwon fata ya kama, ba matar ba. A Irmiya, sura ta 38, lokacin da fadawan Urushalima suka jefa annabin cikin rijiya mai laka, wanda ya je gaban sarki ya yi magana, ya samo igiya da tsummoki ya fito da shi, mutumin Kush ne mai suna Ebed-melek. Littafin Sarakuna na Biyu, sura ta 19, ya ambaci Tirhaka sarkin Kush wanda ya fito yaƙi da daular Assuriya. Masana tarihi sun san shi da sunan Taharka. Ya hau gadon mulkin Kush da Masar a shekara ta 690 kafin haihuwar Almasihu, kuma dalar da aka gina masa tana nan a Nuri, cikin Sudan.

Shaidar harshe

Da aka rasa launin fata a cikin labarin, sai aka koma kan sunan. Aka ce ai Ham da Ibrananci yana nufin baƙi, ko ƙonanne, ko mai zafi, saboda haka ko ba a faɗa ba an faɗa. An shekara ɗaruruwa ana kwafar wannan daga littafi zuwa littafi. A nan ne sanin harshe yake nuna amfaninsa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ha ƙarami da ha mai ruwa, watau marar ɗigo da mai ɗigo a sama. Tsohon Ibrananci yana da sautukan nan biyu, amma da harafi ɗaya ake rubuta su. Yaya za a bambanta? Yahudawan Iskandariya da suka fassara Attaura zuwa Helenanci, harshen Girka, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, sun bar mana shaida, domin a zamaninsu ana jin bambancin a baki. Inda suna yake da ha ƙarami sai su bar shi ya faɗi, tun da Helenanci ba shi da irinsa. Shi ya sa Ishaƙu ya koma Isaak a wurinsu, Hawwa'u ta koma Ewa. Inda yake da ha mai ruwa sai su rubuta shi da harafinsu mai kauri, kamar a sunan Rahila da suka rubuta Rakhel. Sunan Ham kuwa Kham suka rubuta shi, alhali kalmar zafi da ha ƙarami take farawa. Masani David Goldenberg, a littafin da ya buga kan wannan batu a 2003, ya bi wannan sawu ya nuna cewa sunan ba shi da dangantaka da zafi ko baƙi. Kama ce kawai ta rubutu, kama da wane kuwa ba ta wane.

Wa ya saƙa ta?

To, in babu ta a nassi, daga ina ta fito? Daga kasuwa. Ɗaruruwan shekaru bayan an rubuta Farawa, tatsuniyoyi suka fara yawo a Gabas ta Tsakiya, tsakanin Yahudawa da Kirista da Musulmi, masu cewa Ham ya yi baƙi saboda laifinsa. Da cinikin bayi daga Afirka ya bunƙasa, sai aka ɗinke tatsuniyar baƙi da la'anar bauta, aka sami riga daidai wuyan mai saye da mai sayarwa. A nan kada Musulmi ya yi murmushi ya ce matsalar Kirista ce. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: labarin ya shiga littattafan tarihi na Larabci, ya kuma bi ayarin Sahara. Amma a yaba wa waɗanda suka koma ga nassi. Ibn Khaldun, cikin Muƙaddima da ya rubuta a 1377, ko da yake shi ma yana da nasa maganganu marasa daɗi game da baƙar fata, ya ƙaryata masu wannan ruwaya, ya nuna Attaura ba ta ambaci baƙi a wurin ba, launin fata kuwa daga zafin ƙasa yake. A 1615 Ahmad Baba na Timbuktu, da aka aiko masa da tambayoyi daga Tuwat game da bayin da ake kaiwa arewa, ya rubuta Mi'irajus Su'ud, ya ƙi yarda cewa zuriyar Ham bayi ne tun daga haihuwa, ya kuma lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Bai soke bauta baki ɗaya ba, wannan gaskiya ne, amma ya hana launi ya zama dalili. Da sunan garuruwanmu ake wannan muhawara, jama'a.

A Turai ne abin ya zama sana'a. A 1444, a garin Lagos na ƙasar Fotugal, ba Legas tamu ba, aka yi rabon kamammu 235 da aka kwaso daga gaɓar Afirka, aka raba uwa da ɗa a bainar jama'a. Marubucin fadar sarki mai suna Zurara, wanda ya rubuta labarin a 1453, ya kawo la'anar Nuhu cikin littafinsa don ya bayyana bautar baƙaƙe, kuma don tsabar rashin kula da nassi har ya rikita sunan Ham da na Kayinu ɗan Adamu. Daga nan zuwa ƙarni na 19 an loda 'yan Afirka kimanin miliyan 12.5 cikin jirage zuwa ƙetaren Atlantika, kimanin miliyan 10.7 ne suka sauka da rai. Mai gonar rake da mai gonar auduga kowa yana bukatar abin da zai faɗa wa zuciyarsa ran Lahadi, sai aka fake da guzuma aka harbi karsana. A 1861 Alexander Stephens, mataimakin shugaban jihohin kudancin Amurka da suka yi tawaye don su riƙe bayinsu, ya tsaya a birnin Savannah ya kawo la'anar Kan'ana cikin hujjojinsa. A 1964, shekara 99 bayan an soke bauta a ƙasar, Sanata Robert Byrd ya yi fiye da awa 14 yana jawabi a majalisar dattawa don ya hana dokar 'yancin baƙar fata wucewa, kuma cikin abin da ya karanta har da ayoyin nan na Farawa.

Kada a ce iyayengijin ba su san abin da suke yi ba. A 1807 an buga wani taƙaitaccen Littafi Mai Tsarki a Landan musamman domin bayin tsibiran Karibiyan da ke ƙarƙashin Ingila. Cikin surori 1,189 na littafin, 232 kaɗai aka bari. An cire labarin fitowar Isra'ilawa daga bautar Masar. An cire wurin da Bulus ya nuna wa Galatiyawa cewa a cikin Almasihu bambancin bawa da ɗa ya faɗi. Amma an bar wurin da aka umurci bayi da biyayya a wasiƙar Afisawa. Wanda ya sa almakashi ya yanke kashi huɗu cikin biyar na littafi, ya yi shaida da hannunsa cewa cikakken littafin tsoro yake ba shi.

Ham ya koma fari

Sai kuma ga abin mamaki. Da Turawa suka shiga Masar tare da Napoliyon a 1798, suka ga dala da haikali da rubutu, sai lissafi ya rikice: yaya zuriyar la'ananne za ta gina wannan? Ba a daɗe ba aka tuna cewa ashe Kan'ana kaɗai aka la'anta! Aka wanke Ham tas, aka mai da shi farin mutum, aka ce duk wani abin kirki da aka tarar a Afirka, sarauta ce ko ƙira ko birni, waɗansu makiyaya ne masu hasken fata, zuriyar Ham, suka kawo shi daga arewa. John Speke ya yaɗa wannan a 1863 game da masarautun yankin manyan tafkunan Afirka. Carl Meinhof a 1912 ya jera Hausa da Fulfulde cikin harsunan zuriyar Ham. Seligman a 1930 ya mai da shi darasin makaranta cikin littafinsa kan jinsunan Afirka. Sai da Joseph Greenberg ya zo, ya kammala aikinsa a littafin 1963, ya nuna babu wani gidan harsuna na Ham: Hausa tana cikin reshen Cadi, Fulfulde kuwa 'yar'uwar harsunan Senegal ce irin su Serer da Wolof.

A Ruwanda maganar ba ta tsaya a aji ba. 'Yan mulkin mallaka suka koya wa mutane cewa Tutsi zuriyar Ham ne da suka gangaro daga Habasha, Beljiyam ta buga kabilar kowa a katin shaidarsa. A 1992 wani ɗan siyasa, Léon Mugesera, ya yi jawabin mayar da Tutsi Habasha ta kogin Nyabarongo. A 1994 gawawwaki suka cika kogin nan, cikin kisan kiyashin da ya ci fiye da mutum rabin miliyan a kwana ɗari.

Ku duba da kyau. Lokacin da ake bukatar bayi, Ham baƙi ne la'ananne. Lokacin da ake bukatar raba kan waɗanda aka mallaka, Ham fari ne mai kawo wayewa. Nassin bai canja ko da wasali ɗaya ba. Bukatar mai mulki ce ta canja.

Ga masu martani

Na san za a mayar mini da martani ta fuska biyu. Masu himmar addini za su ce bangaskiya ta isa, Ruhu yana koyar da mai karatu, Ibrananci da Helenanci girman kai ne na 'yan boko. To, masu wa'azin da suka halatta bauta su ma da bangaskiya suke taƙama, su ma cewa suke yi nassi a bayyane yake. Kuma wannan littafi na Hausa da kuke riƙe da shi, wanda aka fara buga cikakkensa a 1932, ai ba da Hausa aka rubuta shi ba tun asali. Waɗansu ne suka shekara da shekaru suna kokawa da harsuna kafin ya zo hannunku. Ba a cin tuwo a zagi mai daka. Abokanmu Musulmi sun san wannan ka'ida daga nasu zaure: ba a ba mutum buzun tafsiri sai ya san lugga da nahawu da sababin saukar aya. Me zai sa Kirista ya ɗauki nasa littafi da araha fiye da haka?

'Yan gwagwarmaya kuwa za su ce wanki nake yi wa littafin, alhali ya yarda da bauta. Ban wanke kome ba. Littafin Firistoci, sura ta 25, ya yarda Isra'ilawa su sayi bayi daga al'umman da ke kewaye da su. Wasiƙun Sabon Alkawari sun umurci bayi da biyayya a daular Rum, inda bauta take ko'ina, ko da yake ba da launi ake yin ta ba. Waɗannan wurare suna nan, kuma wajibi ne mai bi ya fuskance su ido da ido. Amma irin karatun da ya tilasta mana faɗin wannan, shi ne ya tilasta mana faɗin cewa Littafin Fitowa, sura ta 21, ya yanke hukuncin kisa ga wanda ya saci mutum ya sayar, wasiƙar Timoti ta Fari kuma ta lissafa masu satar mutane cikin manyan masu laifi. Cinikin Atlantika kuwa daga farkonsa har ƙarshensa satar mutane ne, masu gonakin rake suka tsallake wannan shafi kamar ba su gani ba. Kai kuma ɗan'uwa da kake ɗaga murya kana cewa littafin ya la'anci baƙar fata, tafsirin wa kake yaɗawa? Na Zurara ne da Stephens. Sun mutu, ka zama ɗan aikensu ba albashi.

Kada kuma wani ya ji an ce Kan'ana tana tsakanin Sidon da Gaza, ya sauke la'anar daga kanmu ya ɗora wa Falasɗinawa ko mutanen Lebanon. Wannan cutar ce dai ta sake riga. Kan'aniyawa sun narke cikin sauran al'ummai tun zamani mai nisa. Ezekiyel, sura ta 18, ya kafe cewa ɗa ba ya ɗaukar laifin ubansa, Matiyu kuma ya sa Rahab, mace daga Yariko ta ƙasar Kan'ana, cikin jerin kakannin Almasihu.

Abin da nake kira gare shi ba mai wuya ba ne. A daina tsinkar aya kamar ana tsinkar mangwaro ta kan katanga. Mutanen farko da suka karanta littattafan nan ba su san lambar sura ko ta aya ba: Stephen Langton ne ya raba surori a farkon ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai ɗab'i, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Don sauƙin nema aka yi su, ba don a riƙa gutsurar magana ba. Ƙungiyoyin ɗalibai Kirista su riƙa karanta littafi guda daga farko zuwa ƙarshe, da taswira a gefe. Sassan nazarin addini na jami'o'inmu su ba Ibrananci da Helenanci muhimmancin da ya dace, don mu daina karɓar ma'ana ta hannu na biyu. Mu da muke magana da Hausa ma muna da rangwame, tun da harshenmu da Ibrananci da Larabci daga babban gida ɗaya suka fito, kuma duniyar rijiya da garke da sadaki da zaman dattawa a ƙofar gari ba baƙuwa ba ce a gare mu.

Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 8, ya ba da labarin ma'ajin Kandake, wanda ake kira mutumin Habasha. Ko nan ma sai an san zamani: ƙasar da masu Helenanci suke kira Itiyofiya a lokacin ita ce masarautar Meroe a Sudan ta yau, watau Kush ɗin nan dai, Kandake kuma laƙabin sarauta ne na matan gidan mulki. Wannan baƙin mutum, babba a fada, yana cikin karusarsa yana karanta Ishaya, bai kuwa ji kunyar cewa yana bukatar mai bayani ba. Abin da ya nemi sani daga Filibus shi ne wanda annabin yake nufi da maganarsa. Tambayar ke nan da masu cinikin bayi suka ƙi yi wa sura ta 9 ta Farawa, domin sun san amsar za ta kashe musu kasuwa. Mu ba mu da kasuwar da za mu kare. Saboda haka duk wanda ya sake ce muku an la'anci baƙar fata, mai wa'azi ne ko ɗan gwagwarmaya, ku miƙa masa littafin, ku buɗe masa surar, ku ce ya sa yatsa a kan kalmar.